Gwaggona Mai Kife Kasko Ran Juma'a

Ran wata Laraba da hantsi Gwaggo ta rasu, a ɗakinta na saman bene a unguwar Mahjar, nan Jidda. Zaune aka same ta a bakin ƙofa, robar waken ƙosai a gabanta, hannunta ɗaya cikin ruwan. Wata maƙwabciya ce ta hau aron rariya ta tarar da ita haka. Kafin in nemi izini a gidan da nake aiki in iso, matattakalar benen ta cika da takalman mata.

Kowa da irin kukansa. Wata 'yar Chadi ta zauna dirshan a ƙasa tana faɗin yadda Gwaggo ta karɓi haihuwarta sau biyu, lokacin da ba ta da takardar zuwa asibiti. Wani magidanci haifaffen nan, wanda Hausa ba ta zauna sosai a bakinsa ba, ya tsaya a ƙofa yana ta maimaitawa, "Khala ta tafi? Wallah? Khala?" kamar wani zai ce masa wasa ake yi. Khala, wato gwaggo da Larabci, haka 'yan unguwa suke kiranta. Wata tsohuwa 'yar Nijar kuwa ko hawaye ba ta yi ba. Cewa ta yi, "To, yanzu wa zai riƙa yi mana faɗa a unguwar nan?" Aka yi dariya, dariyar ta koma kuka. Sai wata daga baya, wadda ba ta daɗe da tarewa a layin ba, ta ce a hanzarta da ruwa da likkafani ko a samu sallar la'asar. Waɗanda suka daɗe da sanin Gwaggo duk suka sunkuyar da kai.

Domin Gwaggo ba Musulma ba ce. Kirista ce, 'yar ikilisiyar Adventis, waɗanda a gida ake ce mana 'yan Asabar, saboda daga faɗuwar rana ran Juma'a har faɗuwarta ran Asabar ba ma aiki. Na ce "mu", amma da kunya na faɗa, za ku ji dalili. Mutanenmu ma sun zo: mata uku cikin abaya, da dattijon ikilisiyarmu wanda direba ne a wani gida. Ba su hau ba. A tsallaken titi suka tsaya gindin wani shago, kamar masu jiran mota.

Yayar mahaifina ce. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar miji ba, ba ta bar ko takarda ɗaya mai rai ba. In ban rubuta wannan ba, nan da 'yan shekaru babu wanda zai san an yi ta a duniya. Ba zan kama sunan kowa ba, har da nawa, domin har yanzu a garin nan nake cin abinci, bakin rijiya kuma ba wurin wasan makaho ba ne.

Tun ina goye ta baro ƙauyenmu na gindin duwatsun Filato. Raino ta zo yi wa wasu Turawa, da suka tashi komawa ƙasarsu suka miƙa ta ga wani kafili, wato mai gidan da iƙamarka, takardar zamanka, take hannunsa. A wancan zamanin hutun ƙasar nan Alhamis ne da Juma'a, Asabar kuwa ranar fara aiki ce. Duk gidan da ta shiga, ranar farko take faɗa musu, ba ta jira a saba ba: "Kwana shida naku ne, har Juma'ar da kowa yake hutawa. Asabar kam ba tawa ba ce, balle in ba ku." Su yi dariya su ce babu komai, sai ranar da baƙi suka faɗo ran Asabar.

Akwai gidan da aka sa bikin 'yarsu ran Asabar. Tun Laraba Gwaggo take tsaye, ta dafa abin dafawa, ta goge abin gogewa, ta jera faranti. Rana na faɗuwa ran Juma'a ta wanke hannu ta shiga ɗakinta ta zauna. Uwar gidan ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi ihu, Gwaggo na zaune. Ran Lahadi da safe ta tarar da jakarta a bakin ƙofa. Gida huɗu ta bari ta irin wannan hanya. A na ƙarshe kafilin ya ƙi sabunta mata iƙama, sai ta kwashi kayanta ta shige unguwar Karantina, inda ba a cika tambayar mutum takarda ba.

A can ta kafa kaskon ƙosai da tukunyar kunun gyaɗa. Ran Juma'a bayan la'asar takan wanke kaskon tas ta kife shi a bakin ƙofa, ba ya tashi sai Lahadi. Har mutanen layin suka mai da shi agogo: "Khala ta kife kasko, ku kirawo yara, magariba ta kusa." Ba ta sa 'yan kunne, ba ta cin goro, ba ta shan shayi ko gahawa, ba ta cin jatan lande ko naman raƙumi. A Jidda fa! Garin da in ka ƙi kofin gahawar mutum kamar ka mare shi ne.

Ta haka suka fara da Hajiya, maƙwabciyarta. Hajiya haifaffiyar nan ce, kakanninta da ƙafa suka zo aikin hajji suka zauna, ita ce kuma mai wankan gawar mata a unguwar. Ranar da Gwaggo ta fara shiga gidanta, aka kawo dabino da gahawa. Ta ɗauki dabino, ta bar kofin yana hucewa.

Hajiya ta ce, "Haram alaiki, ya shekha! A gidana? Guba na zuba miki?"

Gwaggo ta ce, "Ba guba ba ce, Hajiya. Alkawari ne tsakanina da Ubangijina. Ke da zan kawo miki abin da addininki ya hana, za ki ci don kada raina ya ɓaci?"

Wata guda Hajiya ba ta amsa gaisuwarta ba. Rannan sai ga ta da kanta da butar ruwan citta, ta dire a gaban kaskon ta ce, "Yalla, sha wannan, mai taurin kai." Daga ranar, duk wani suna ko biki a gidan Hajiya, akwai butar citta ta Khala a gefe. In azumi ya zo Gwaggo ba ta cin komai inda za a gan ta, kuma kununta ne yake fara isa gidaje kafin kiran salla. Da mahaifiyar Hajiya ta kwanta ciwon ajali, Gwaggo ce mai juya ta, mai wanke ta, har ran Asabar. Wata ta tsokane ta, "Ashe dai ana aiki ran Asabar?" Ta ce, "Wannan ba aiki ba ne, mutum ce."

Ni kuwa na zo ne bayan mijina ya rasu ya bar ni da yara uku. Dillalin da ya yi min hanya ya ce gidajen da suke neman mai girki Musulma suke so, in na nace da nawa sai in ta jira. Ya rubuta min Musulma a takarda, ya ba ni sunan da ba na yanka ba. Na karɓa. Ba zan ce tilasta ni aka yi ba, da idona biyu na sa hannu.

Juma'ar farko da na samu fita, na je na nuna wa Gwaggo iƙamata ina murna. Ba ta karanta Larabci, amma wannan kalmar guda ta san ta. Ta daɗe tana kallon katin, sannan ta miƙo min shi da yatsa biyu.

Ta ce, "Addini biyu kike cuta, 'yar nan. Naki kin ɓoye shi kamar kayan sata, na mutane kin ɗaura shi kamar zanen aro."

Raina ya ɓaci, ni kuma in raina ya ɓaci bakina ba shi da linzami. Na ce, "Gwaggo, ke ai ba ki da bakin da za ki ciyar, shi ya sa."

Na faɗa wa matar da ba ta taɓa haihuwa ba wannan maganar. Can ta tashi ta zubo min ƙosai da yaji ta ajiye a gabana. Ba ta sake ta da zancen ba, amma ko sau ɗaya sunan aron nan bai taɓa fita daga bakinta ba. A gaban kowa "'yar ƙanina" take ce min, ni kuma ina tsoron kada asirina ya tonu. Sau ɗaya na taɓa ganin hawayenta, ranar da ta ji mutanen gidan da nake aiki sun tafi da ni Makka don in kula musu da girki da yara. Wanda ba Musulmi ba bai da izinin taka garin, kowa ya sani. Ta ce, "Wuri ne mai tsarki a wurin masu shi, kin shiga musu da ƙarya." Sau biyu na je. In wannan ya fito fili, kora ce mafi sauƙin abin da zai same ni.

Ikilisiyarmu a nan ɗaki ne guda, labule a sake, ko cika shi ba ma yi. Ran Juma'a da safe muke haɗuwa, domin 'yar aikin gida da direba ba su da wani hutu sai wannan rabin yinin. Gwaggo ba ta taɓa ƙin zuwa ba, takan ce taro don Allah ba shi da ranar da ya zama laifi. Rikici ya tashi ne ranar da dattijon ya miƙe ya ce, tunda halin ƙasar ya zo da haka, mu ɗauki Juma'a a matsayin Asabar ɗinmu, ai Allah zuciya yake dubawa. Ya ƙara da cewa wanda yake aiki ran Asabar ya sa abin saurare a kunne ya ji wa'azi ta waya, ya wadatar. Muka ji daɗi, wallahi muka ji daɗi, kamar an sauke mana dutse daga ka.

Gwaggo ta dafa bango ta miƙe. Ta ce, "Dattijo, in ba za ku iya ba, ku ce ba za mu iya ba, Allah ya gafarta mana. Wannan maganar gaskiya ce, ni ma zan ce amin. Amma kada ku ɗauki kasawarku ku ɗinka mata riga ku kira ta koyarwa." Ta juyo wajenmu mata ta ce, "Cewa aka yi ki huta. Ba a ce ki saurari labarin hutu kina goge tayil ba."

Dattijon ya ce, "Mama, ke kin riga kin rasa duk abin da za ki rasa. Mu muna da iyali."

Shi ma ba ƙarya ya yi ba, abin da ya sa maganar take ci min rai ke nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da ƙasar ta mai da hutunta Juma'a da Asabar, mutum biyu cikinmu masu aikin ofis suka samu ranar a banza. Gwaggo ta yi murna kamar an yi mata albishir da jika. Ta share ɗaki, ta shimfiɗa tabarma, ta dafa abinci tun Juma'a. Sau biyu suka zo. Daga nan bakin teku da manyan kantuna suka ɗauke su. Ta ci gaba da zama ita kaɗai duk Asabar, littafinta a cinya, tana rera waƙoƙin gida da muryarta mai kauri. Muryar nan ce ma ta raba ta da mu. Mu raɗa muke yi in muna waƙa, ita kuwa ba ta iya raɗa ba. Da aka sauya ɗakin taro, sai aka yi shawara kada a gaya mata sabon wurin. Na san wurin. Ta tambaye ni sau ɗaya, na ce ban tabbata ba. Ta kalle ni, ba ta sake tambaya ba.

Kada in mai da ita waliyyiya, ita ma da ta ji za ta yi min tsaki. Gwaggo tana da zafi, kuma ba ta san a sassauta wa mutum ba. Bayan an rushe Karantina, ɗan Hajiya ya ba ta ɗakin nan na saman benensu a Mahjar. Sana'arsa bin takardun mutane a ofisoshi, ya san kan abin. Ya samo mata wani kafili mai neman mai shara, wanda ya yarda zai nemi hanyar gyara mata zamanta, sharaɗin kawai ta leƙa awa biyu ran Asabar da safe. Ta ƙi. A lokacin ƙafafunta sun fara kumbura, tana hawa bene tana tsayawa sau uku, ga shi ba ta da takardar da za ta shiga asibiti da ita hankali kwance. Na yi mata ihu, na ce, "Gwaggo, a kan awa biyu za ki mutu?" Ta ce, "An mutu a kan abin da bai kai haka ba." Har yau ina jin haushinta a kan wannan. Ina jin haushinta, ina kewarta, duka biyun a wuri ɗaya suke zaune.

To, ranar Larabar nan, ɗan Hajiya ya ja ni gefe a matattakala. Ya ce dole a sanar da hukuma, kuma jami'i zai zo ya tambayi sunanta da ƙasarta da addininta, tunda babu takardar da za ta amsa mata. Ya ce, "In aka rubuta Musulma, mutanen unguwa suka shaida, kwana biyu uku halas, shi ke nan an rufe ta. In aka rubuta Nasraniya, wato Kirista, firjin asibiti za a kai ta, sai takardu sun zo daga ƙasarku, Allah kaɗai ya san wata nawa. Kuma duk wanda ya ce shi danginta ne, za a karɓi iƙamarsa a duba, a yi masa tambayoyi." Ya faɗi wannan yana kallon bango, don ya san abin da ke cikin tawa.

Na sauka na tsallaka titi wajen dattijon. Bai bari na gama ba. Ya ce, "'Yata, me muka gaskata? Matattu barci suke yi, ba su san abin da ake yi a kansu ba. Ita da kanta ta koya muku wannan. Duk inda aka kwantar da ita, Ubangiji ya san wurin, ranar tashi ba zai yi ɓatan hanya ba. Amma in aka fara tambayar su wa take sujada da su, mu duka mun shiga uku. Ki bar mutanen nan su yi mata sutura irin tasu. Rayayyu ake ceto."

Matan nan uku suka gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa. Ba zan ɓoye ba, sanyi na ji a raina. An ɗauki koyarwar da ta rayu a kai an yi mana ƙofar gudu da ita, na kuwa bi ta ƙofar da sauri.

Na hau na samu Hajiya zaune kusa da gawar, ta rufe ta da farin zane, tana korar ƙuda da mafici. Na durƙusa na ce a hankali, "Hajiya, mun yi shawara. Ku yi mata yadda kuke yi wa naku."

Ta ajiye maficin. Ta ce, "Su wa suka yi shawara? Waɗancan na gindin shago?"



Ta ce, "Ya binti, ban san adadin matan da hannun nan ya wanke ba, kuma da Allah ya sa ta karɓi addinina, da babu wadda zan wanke da farin ciki kamarta. Na roƙe ta, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ta ce a'a, ta faɗa min a fuskata. Matar da ba ta taɓa yi min ƙarya ba tana da rai, ni zan yi mata ƙarya tana kwance ba ta iya tanka min? In tsai da liman da jama'a su yi salla a kan ƙarya? La wallah. Ba zan cuce ta ba, ba zan cuci Ubangijina ba."

Na ce, "Hajiya, wata da watanni za ta yi a firji."

Ta ce, "Ta yi shekaru a ɗakin nan ita kaɗai duk Asabar, kuna ina? Ta iya jira."

Bayan azahar jami'in ya zo da likita. Mutum ne mai natsuwa, bai ɗaga wa kowa murya ba. Ya buɗe takardarsa ya tambaya da Larabci ko akwai danginta a nan. Ɗakin cike yake da matan da suka ji ta tana ce min 'yar ƙaninta sau ba adadi. Babu wadda ta dube ni, sun rufa min asiri. Amma shi ya ga idona ya fi na kowa kumbura, ya nuna ni da biro ya ce, "Ke fa?"

Na ce, "Ƙosai nake saya a wurinta."

Ya rubuta abin da zai rubuta. Ya ce, "Addininta?"

Hajiya ta ce, "Nasraniya ce. Rubuta. Maƙwabciyata ce shekara talatin, ban ga sharrinta ba. In ana neman wanda zai tsaya mata, ga ni, ga ɗana."

Ta dangwala yatsa a takardar. Aka sauko da Gwaggo ta matattakalar da take hawa tana hutawa sau uku. Da na leƙa ta taga, gindin shagon nan babu kowa.

Wata huɗu da 'yan kwanaki ta yi a firji. Ɗan Hajiya ne ya yi ta zirga-zirga tsakanin asibiti da ofishin jakadancinmu, shi ya nemi dangi a gida suka aiko da yardar a binne ta a nan. A ɗakin taronmu an yi addu'a sau ɗaya don "'yar'uwarmu da ta yi barci", ba a kama sunanta ba, wai bango yana da kunne. Ni kuma kullum na buɗe firjin gidan aikina in ɗauko nama, sai hannuna ya tsaya.

Daga ƙarshe aka ba da rana, wata Talata, a wani wuri can bayan gari da aka ware wa waɗanda ba Musulmi ba. Mata ba sa zuwa maƙabarta a nan. Na aika wa dattijon, ya ce mai gidansa yana da tafiya ranar. Saura ɗan Hajiya shi kaɗai da ma'aikatan wurin. Ya ce min, "Ni ban san abin da kuke faɗa a bakin kabari ba, kuma ba nawa ba ne in faɗa. In an saka ta zan kira ki, in riƙe wayar a kan ramin. Ki faɗi abin da ya kamata a faɗa."

Na kwana uku ina shirya kalmomin. Na yi niyyar in shige banɗaki in kulle ƙofa in wayar ta shigo, in yi mata waƙar da ta fi so, da murya, ba da raɗa ba.

Wayar ta shigo wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ina tsaye a kicin ina yanka kaza. Madam, uwar gidan da nake wa aiki, tana zaune a teburin kicin ɗin tana tsince shinkafa, domin ranar surukanta za su zo cin abinci. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa cuta ta ba, ni ce nake cutarta. Hannuna duk jini, sai ta miƙa hannu ta danna min wayar da kanta, ta maƙala min a kafaɗa. A irin wannan lokacin ne kullum nake waya da mai kayan miyanmu, wani Bahaushen Nijar, don haka jin Hausa a bakina ba baƙon abu ba ne a wurinta, ko kalma ɗaya kuma ba ta ji.

Na ji iska tana kaɗawa a cikin wayar. Ɗan Hajiya ya ce, "An saka ta. Ga ki a kanta. Bismillah, yi magana."

Banɗakin taku biyar ne daga inda nake. Ban taka ba. Na ji tsoron ta tambaye ni abin da ya sa na gudu da waya, na ji tsoron muryata ta karye ta ga hawaye. Sai na ci gaba da yanka kazar, na daidaita murya irin ta mai cinikin tumatir, na ce, "Gwaggo, ni ce 'yar ƙaninki. Ki yi barci. Ubangiji Yesu da kika riƙe zai tashe ki, ya san inda kike. Ki yafe min." Da muryar ciniki na faɗe shi duka, har da ɗan ɗaga murya a ƙarshe kamar mai tambayar farashi.

Madam ta ɗago kai daga shinkafarta ta ce da Larabci, "Ki ce masa ya ƙaro albasa, ta jiya duk ta ruɓe."

Ta zuba min ido tana jira. A cikin wayar na ji ƙarar shebur na farko.

Na ce, "A ƙaro albasa."

Ɗan Hajiya ya kashe wayar. Matar da ta bar gida huɗu, ta bar takarda, ta bar lafiyarta don kada bakinta ya faɗi abin da ba shi ne ba, kalma ta ƙarshe da aka faɗa a kan kabarinta ke nan, kuma daga bakina ta fito.

Allah ya saka wa Hajiya da ɗanta da alheri. Gwaggo ba ta buƙatar addu'ata, barci take yi. Wanda ya karanta wannan, ni zai yi wa.